Kwat Ɗin da Ruwa Bai Taɓa Ba

Jikata Nonjabulo ce ta miƙo mini wayarta rannan, wai in ga abin sha'awa. Hotunan tsofaffin injinan wanki ne, irin waɗanda ake tura wa tsabar kuɗi, wasu Turawa sun bi bola sun tsince su, sun goge, sun yi musu fenti, sun jera a ɗaki suna ɗaukar hoto da su. Ta ce ai ni ma na yi aiki da irinsu, ko ban yi kewarsu ba? Na ce ta ɗauke mini wayarta daga fuska. Yarinyar ba ta da laifi, ba ta san abin da ɗaya daga cikinsu ya ci mini ba, ni kuma ban taɓa gaya mata ba.

Gidan wankin Mista Baltazar, inda na yi aiki, yana unguwar Jeppestown, tsakanin shagon wani mahauci da na mai gyaran takalmi. Baltazar ɗan Fotugal ne da ya gudo daga Mozambik da akwati ɗaya da baƙin rai, ya sayi injinan a hannun wani otal da ya rufe. Ni ce mai shara, mai canji, mai raba faɗa, mai zaro gashin mutane daga magudana. Lokacin da na fara, zamanin wariyar launin fata ne, baƙar mace ba ta shigowa sai da kayan uwar ɗakinta. Sukan cusa nasu zanen a tsakiyar zannuwan gadon madam, ni kuwa in ɗaga kai ina kallon rufi har su rufe ƙofa.

Kowane inji da halinsa, kuma duk mun raɗa musu suna. A jikin bangon hagu akwai wasu masu launin hoda, fuskarsu a karkace tana kallon sama. Ƙofarsu ba gefe take buɗewa ba, kwantawa take yi kamar tire, ka ɗora kayanka a kai wata 'yar allura ta nuna maka ko sun yi nauyi. Matan Zumunta muke ce musu, don a jere suke, kayansu iri ɗaya, in kuma suka kama aiki tare sai ka rantse waƙar coci suke yi. Can a kusurwa akwai ta matse ruwa, wata tukunyar ƙarfe mai murfi, sunanta Sangoma, wato 'yar bori. In kaya suka taru mata a gefe ɗaya sai ta hau jijjiga tana dukan ƙasa, ta kama hanyar ƙofa, dole in ruga in kwanta a kan murfin har abin ya sake ta.

Sai babbansu, Bijimi. An ɗaure shi da kusoshi a cikin siminti, ƙofarsa zagayayyen gilashi ne mai kauri. Don rigunan mahauta da zannuwan otal aka yi shi. Abin sauya zafin ruwansa ya karye tun kafin in zo, ya tsaya a kan tafasasshe, Baltazar kuma ya ce mai gyara ya fi injin tsada. Kana tura tsaba za ka ji ƙaras, ƙofa ta kulle ke nan, babu mai buɗe ta sai ya gama abin da ya fara. Ko da gwamnati ta sauya tsabar kuɗi ta kawo ƙanana, duk injinan ƙin karɓa suka yi, tsofaffin manyan nan kaɗai suka sani. Sai Baltazar ya tara tsofaffin a gwangwanin madara, mutum ya ba ni sabo in ba shi tsoho.

A nan na san Velaphi Zungu. Ya shigo da kayan aikinsa na lebura, siminti ya sandarar da su har suna iya tsayuwa da kansu, zai cusa wa ɗaya daga Matan Zumunta. Na ce in ya kashe mini inji da shi zan haɗa in kai bola. Ya yi dariya, ya fita waje ya kakkaɓe su, ya dawo ya ce yanzu fa? Ranar Asabar da ta biyo baya sai ga wani mutum ya shigo cikin kwat da wando, da hankici a aljihun ƙirji, takalmi yana walƙiya. Har na miƙe zan ce ranka ya daɗe kafin na gane leburan nan ne.

Velaphi ɗan oswenka ne, masu gasar kwalisa. Duk mako suna cikin ƙura da zagin ɗan kwangila, ranar Asabar su taru a zauren ƙasa na barikin leburori, kowa ya fito shi kaɗai gaban alƙali, ya taka a hankali, ya juya, ya ɗaga ƙafar wando a ga safa, ya buɗe kwat a ga shafinta. Alƙalin ma wani baƙo ne ake tsintowa a titi don kada a ce ya san wani. Madubin barikin ya fashe tun tuni, shi ya sa Velaphi yake zuwa wurina yana gwada juyinsa a gaban gilashin Bijimi, yana ganin kansa a kumbure kamar a bayan cokali. Nakan ce masa injin ma dariya yake yi masa.

Kwat ɗin da nake magana a kanta ta zo daga baya, bayan mun yi aure. Ta ulu ce tsantsa, ruwan toka mai siririn ratsi, shafinta jan siliki. Ya daɗe yana kai wa wani tela Bayahude kuɗi kaɗan-kaɗan kafin ya karɓo ta. Da ita ya ci akuya a gasar Kirsimeti, aka ɗauke shi hoto riƙe da igiyar akuyar nesa da jikinsa don kada ta shafe shi. Ɗakin da muke haya a bayan wani gida a Troyeville yana yoyo, saboda haka kwat ɗin ba ta taɓa kwana tare da mu ba. A ɗakin baya na gidan wankin take, a rataye cikin leda kusa da injinan busarwa, inda babu danshi. Ba a wanke ta. Buroshi yake sa mata, ya shanya ta a inuwa, sau ɗaya a shekara ya kai ta wurin masu wankin da ba ruwa a cikin gari, ya tsaya a kansu har su gama. In hadari ya haɗu ranar gasa, tuɓewa yake yi ya naɗe ta, ya taka gida da singileti.

Na yi masa faɗa a kanta ba sau ɗaya ba. 'Yarmu Thokozile tana ƙauye a Mahlabathini wurin danginsa, don birni a lokacin ba wurin yaro ba ne, kuma abin da muke aikawa bai taka kara ya karya ba. Amma wata Asabar na bi shi zauren, na ga yadda mutumin da ake kira yaro duk mako ya tako gaban mutane ba wanda ya isa ya yi tari. Daga ranar na rage faɗan. Mai riƙe masa ledar kwat a irin waɗannan ranaku yayansa ne, Mandlenkosi, mai gadi a Germiston, mutum mai sanyin hali wanda ko ƙuda ba ya korewa da ƙarfi. Shi ya fi kowa tafi in Velaphi ya juya.

Simintin da ya sha ne ya kama masa ƙirji. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ranar da muka je duba shi a asibiti ni da Yaya Mandlenkosi, ba 'yarsa ya fara ambata ba, ba danginsa ba, kuma na ji haushin hakan, har yau ina ji. Ya kama hannuna, ya kira ni da sunan gidanmu, ya ce, “MaSithebe, kwat ɗin nan taki ce. Ki ajiye ta. Kada ruwa ya taɓa ta.”

Na ce to, Gwabini. Sunan zuriyarsu ke nan, da shi nake kiransa in maganar ta girma. Ya juya ya tambayi yayansa ko ya ji. Yaya Mandlenkosi ya ce ya ji, kuma shi ne shaida.

An kai gawar ƙauye a gurguje, don lokacin hanya ba lafiya, ana ta kashe-kashe a jiragen ƙasa da barikoki. Aka binne shi, na zauna a kan katifa lulluɓe da bargo yadda ake yi, sannan na dawo bakin aiki cikin baƙaƙen kaya, don Baltazar ya ce injinansa ba sa takaba. A tasi nakan zauna can baya don kada in juya wa kowa baya. Wasu matan suka daina karɓar tsaba daga hannuna, sai in ajiye a kan tebur su ɗauka. Duk wannan bai dame ni ba. In wurin ya yi shiru nakan shiga ɗakin baya in zuge ledar kaɗan in sa fuskata a ciki. Man gashinsa yana nan a wuyan kwat ɗin, da tabarsa, da shi kansa.

Sai saƙo ya zo daga Anti Gabisile, babbar yayarsu. Ita ke riƙe da gidan tun da mijinta ya rasu, ita ta goyi Velaphi, ita kuma ke riƙon Thokozile. Wai tana ta mafarkinsa a tsaye a wata mararraba, sanye da kwat, yana waige-waige. An ɗauko jikinsa amma ba a ɗauko kurwarsa ba, tana nan a birni inda ya cika. Za ta zo da reshen umlahlankosi, ƙayar nan da ake ɗauko mamaci da ita, a tafi da shi gida. A kuma haɗa kayansa duka, a wanke, a kai ƙauye a raba wa 'yan uwa.

Ban tsorata ba, wauta ke nan. Na san Anti za ta tambayi kwat ɗin, don hoton akuyar yana rataye a ɗakinta. Amma na ce ai akwai shaida. Namiji ne, shi ne babba a maza, in ya buɗe baki ya ce ga abin da mamaci ya bari, ko Anti sai ta yi shiru. Har na aika masa da wani direba cewa ya tuna, ya aiko cewa bai manta ba.

Kowa ya san dokar reshen. Wanda ya je inda mutum ya cika ya kira shi ya shiga reshen, daga nan ba ya magana da kowane mai rai, ba ya waiwaye, sai ya kai shi gida. Da mamacin kaɗai yake magana, yana gaya masa duk inda aka kai: ga mu a tasha, ga mu za mu haye kogi. Har kujera ake biya masa a mota. Abin da muka shirya shi ne su fara zuwa wurina a yi wanki, a yi magana, sannan su wuce asibiti su ɗauko shi, su kama hanya.

Da hantsi na hango su ta taga. Anti a gaba da bargonta a kafaɗa da jarka a hannu. Yaya Mandlenkosi a baya, kansa a sunkuye, ya riƙe wani ɗan reshe mai ƙaya a ƙirjinsa da hannu biyu. A bakin ƙofa ya tsaya, na ji yana cewa a hankali, “Velaphi, mun iso gidan wanki. Ka san wurin. Mu shiga.”

Asibiti suka fara zuwa. Daga baya an ce mini wai direban tasi ne ya ce hanyar ta fi sauƙi haka. Ni dai na san Yaya Mandlenkosi tun yana yaro yake tsoron Anti, kuma ya samo wa kansa hanyar da babu wanda zai ce ya ci amana, babu kuma wanda zai ce ya ja da yayarsa. Ya zauna a kan benci kusa da ƙofa. Na gaishe shi don mantuwa, bai ɗago ba.

Anti ba ta taɓa shiga gidan wanki ba. Ta bi injinan da kallo, ta ce to ina kogin? Na ce kogin yana cikin bango. Ta taɓe baki ta ce mutanen birni ko ruwa sai sun kulle shi. A cikin jarkar akwai jiƙon saiwoyi da ta yo daga gida, wanda ke cire duhun mutuwa daga kaya. Na kwance ƙunshin: kayan aikinsa, rigunansa, barguna biyu, safa, hular sanyi. Na zuba su cikin Matan Zumunta, ta tsiyaya maganin a kan kowanne. Da na zo tura tsaba ta riƙe mini hannu, ta ce ba hannun mai takaba ne zai fara wankin nan ba, sai na ɗan uwansa na jini. Sai na ɗebo mata tsofaffin tsaba daga gwangwani, na nuna mata yadda ake kwantar da su a ramin, a tura da tafin hannu. Ta gwada ta iya. Har ta ɗan yi murmushi da injin ya kama waƙa.

Sannan ta goge hannu a bargo ta ce, “Makoti, ina rigar akuyar?”

Makoti take ce mini, wato amaryar gida, ko da na yi furfura a gidansu haka zan mutu. Na gaya mata gaskiya. Na ce tana ɗakin baya, kuma mai ita ya bar mini ita, ya ce kada ruwa ya taɓa ta. Ta tambaya wa ya ji. Na nuna benci. Ta ce to ya faɗa mana. Na je na durƙusa a gabansa, na ce Yaya, ba sai ka yi magana ba, gyaɗa kai kawai. Ya ƙura wa reshen ido kamar yana ƙirga ƙayoyinsa. Na ce ko ƙafa ce ka buga. Wata mata da ke naɗe tawul ta daina naɗewa tana kallonmu. Bai motsa ba.

Na koma wurin Anti da wata dabara. Na ce akwai masu wanki a cikin gari da ba sa sa ruwa, da magani suke yi da tururi, in kai musu yau, ta ga takardar da idonta. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce wanki ba ruwa? Gobe kuma sai a ce mata akwai tuwon da ba gari. Ta ce Turawa sun daɗe suna sayar mana da iska, amma ba za su sayar wa ƙaninta ba. Na ce to a yayyafa mata maganin, ai a wasu gidajen yayyafi kawai ake yi. Ta dube ni, ta ce in kawo.

Na ɗauko ta na zare ledar. Ƙamshinsa ya fito har Anti ta kau da kai. Ta karɓa ta ɗora a hannunta, ta tsoma yatsu a jarka ta yarfa sau biyu a kan kafaɗar. Ɗigon ma sai da na ji shi a jikina, amma na ce wannan Gwabini zai yafe.

Daidai nan Sangoma ta tashi. Matar mai tawul ce ta cusa mata bargo a gefe ɗaya, ta hau duka tana tafiya, tana jan wayarta. Jikina ne ya tafi, ban ma yi tunani ba, aikin shekaru ne. Na kwanta a kan murfin, haƙorana suna haɗuwa. A cikin wannan ƙarar na ji ƙaras a bayana.

Ba Matan Zumunta Anti ta zaɓa ba, duk suna cike, Bijimi ta cusa wa kwat ɗin. Ko da ba a cike suke ba, ta ce daga baya, babbar riga sai babban inji. Kafin in kai wurin ruwa ya fara hawa a bayan gilashin, yana tururi. Na ja hannun ƙofar, na san ba za ta buɗe ba, na ja dai. Na doke ta da tafin hannu. Wayar Bijimi a cikin bango take, akwatin wutar kuma yana ofishin Baltazar a kulle, shi yana can shagon 'yan ƙasarsu yana cin kifi. Ko da yana nan ma, ƙofar ba ta sakin kanta muddin da ruwa a ciki. Na tsaya ina kallo. Hannun kwat ɗin ya zo ya shafi gilashin ya wuce, jan shafin ya biyo, sannan ruwan ya fara zama ja-ja.

Ban zage ta ba. Na tambaye ta kawai me na yi mata. Ta zo ta tsaya kusa da ni, mu biyu muna kallon gilashi ɗaya.

“Ke ba ki yi mini komai ba,” in ji ta. “Rigar nan ce. Shekarar da ya saye ta, 'yarki da ƙafa tsirara ta yi ta zuwa makaranta cikin sanyi, ni na riƙa shafa mata man shanu a faso. Uwarmu ta mutu ruwa na zuba mata a kan gado. Riga tana da ɗaki mai ɗumi. Yanzu ma ya mutu ta hana shi dawowa, yana tsaye a titi a cikinta. Muddin tana warinsa, a cikinta zai zauna, ke kuma ki riƙa shiga kina shinshina. Kina tsammani ban sani ba? Ni ma na binne miji.”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabin maganarta gaskiya ce, ni ma na faɗe ta da bakina a ɗakinmu na Troyeville. Amma ba ita ya kama wa hannu ba. Ba ita ta ce to ba.

Na juya in ga abin da shaidata yake yi. Ya tashi daga bencin ya koma bakin taga, ya ba injinan baya, ya rufe reshen da tafukansa a ƙirji, fuskarsa a titi. Yana ta yi masa hira ƙasa-ƙasa, wai ga shagon mai takalmi, ga motar burodi ta wuce, ga yara sun taso daga makaranta. Kare Velaphi yake yi kada ya gani. A nan na tabbatar bai manta komai ba.

Bijimi ba ya sauri. Ya wanke, ya zubar, ya sake ɗiba, ya sake tafasawa. Matan Zumunta suka gama nasu, ban kwashe ba, Anti ce ta kwashe. Mutane suka shigo suka ga fuskata suka ɗebi tsaba da kansu. Da ya yi juyinsa na ƙarshe ya tsaya, ƙofar ta saki, na kasa sa hannu. Anti ta sa.

Abin da ta zaro ko ɗan shekara goma ba zai shiga ba. Ulun ya cure ya yi tauri kamar bargon doki, kafaɗun sun dunƙule, shafin bai tsuke tare da ita ba, ya zazzago ta ƙasa ya koɗe. Ratsin ya ɓace. Wandon ya dawo gajere, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Babu wari ko ɗaya sai na sabulu da saiwa. Anti ta ɗaga ta sama, bakinta a buɗe. Ita ta ɗauka za ta fito kamar yadda ta shiga, a jiƙe kawai, ta shanya, ta ba wani ƙanensu ya riƙa zuwa coci. Ba ta san ulu ba, a ina za ta san shi? Ta dubi bayan Yaya Mandlenkosi, sai ta yi sauri ta ɓoye abin a cikin bargonta, kamar yadda ake ɓoye wa yaro wuƙa.

Lokacin tafiya ya yi, tasin Mahlabathini ba ya jiran kowa. Anti ta ɗaure jiƙaƙƙun kayan ta ɗora a ka, ta ce a tafi. Yaya Mandlenkosi ya ce wa reshen su tashi, an gama. Ya ɗaga ƙafa zai fita, sai ƙaya ta kama labulen ƙofar. Ya ja a hankali, ta ƙi saki. Ya sa yatsa ya cire ɗaya, wata ta kama. Kowa a wurin ya san abin da ake cewa in reshe ya maƙale: mai shi bai yarda ya tafi ba. In kuwa aka fizge shi da ƙarfi, reshen kawai za a kai gida, shi yana nan a mararraba har abada. Anti ta sauke kayan daga kanta.

Yaya Mandlenkosi ya sunkuya ya kai bakinsa kusa da ganyen. Na ji kowace kalma.

“Velaphi, ɗan uwana, na san abin da kake nema. Kwat ɗinka tana nan lafiya. Tana ɗakin baya a cikin ledarta, inda ka bar ta. Ruwa bai taɓa ta ba.”

Ya jira. Ƙayar ba ta saki ba.

“In ba ka yarda da ni ba, ga matarka. Ita ba ta taɓa yi maka ƙarya ba.”

Bai dube ni ba, doka ta hana. Ya dai karkata jikinsa yadda bakin reshen zai fuskance ni, ya tsaya. Anti tana kallona, ruwan kwat ɗin yana ɗiga daga ƙarƙashin bargonta a kan siminti. Mutanen nan biyu sun karya mini alkawari da hannunsu, ɗaya da tsaba, ɗaya da shiru, yanzu kuma ni suke jira in rufe musu. Na so in faɗi komai, in kira sunan kowa, in bar su su kai itace gida. Amma shi ne zai kwana a titi, ba su ba.

Na matsa kusa har ina ganin ƙurar hanya a kan ganyen. Na ce, “Haka ne, Gwabini. Tana wurina. Ka tafi gida.”

Yaya Mandlenkosi ya sa yatsa ya taɓa labulen, ƙayar ta fita. Ya ce wa ƙaninsa ga mataki, a sauka a hankali. Suka bi titi zuwa tasha, Anti a baya da kaya a ka, babu wanda ya waiwayo a cikinsu.